Takarar da Muka Ɓoye wa Umma

Ina wanke kwalaben madarar jariri a kicin ɗin Anti, matar kawuna, a unguwar Mesaimeer da ke Doha, saƙon Yaya ya shigo. Hoto ne. Na goge hannu a jikin zani na buɗe, sai ga tagar falonta ta can Ingila, wadda na sani da farin labule, an manna mata wata faffaɗar takarda daga ciki tana kallon titi. Fuskar Yaya ce a jiki, da ɗankwalinta, tana murmushin nan nata na gefe ɗaya. A ƙasa an rubuta da Turanci wai a zaɓe ta kansila.

Nan take na kira ta.

"Auta, kin ga yayarki ta zama 'yar siyasa ko?" ta ce tana dariya.

"Yaya, a tagar gidanki kika saka? Gidan da yara suke kwana?"

"To a tagar wa zan saka? Ta maƙwabta?"

"Ki cire. Don Allah don Annabi ki tashi ki cire yanzu, ina kan layi."

Dariyar ta tsaya.

Ya kamata in faɗi yadda aka yi na zo Doha. Mu biyu ne a wurin Umma, Yaya da ni, kuma tun rasuwar Baba shagon da ke ƙofar gidanmu ne ke riƙe da mu. Kayan masarufi Umma ke sayarwa, da kunun aya da zoɓo a firji. Ana gab da zaɓen da ya wuce a garinmu wasu samari suka zo suka manna fostar wani ɗan takara a bangon shagon. Ba mu san su ba, ba su kuma tambaye mu ba. Na ce zan ɓare, Umma ta ce in bari, in aka gan ni ina ɓarewa za a ce mun nuna ɓangare. Mutumin fostar ne ya ci. Washegarin da aka faɗi sakamako, da hantsi, muka ji ihu daga saman layi yana gangarowa. Maƙwabciyarmu ta bayan gida ce ta janye mu ta katanga, ta tura mu ɗakin kajinta ta jawo ƙyauren. A nan muka tsuguna, tafin hannun Umma a kan bakina, muna jin lokacin da suka cinna wa shagon wuta har firjin ya fashe.

Babu wanda ya mutu a gidanmu. Kowa ya ce mu gode wa Allah, mun kuma gode. Amma daga ranar na daina fita. Na gama sakandare ina jiran shiga makaranta ta gaba, duk na watsar. Ko murfin tukunya ya faɗi sai na tsinci kaina a bayan ƙofa. Kawu, ƙanen Umma, injiniya ne a Doha, shi ya aiko aka kawo ni da sunan zan taya matarsa renon jariri. Kowa ya san ba don renon ba ne, amma babu wanda ya faɗa, ni ma na ji daɗin hakan.

Yaya tana Ingila lokacin, tana aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. A waya ta ji labari. Ta yi kuka, ta taimaka aka sake rufin shagon, amma ba ta shaƙi ƙaurin ba.

"Umma ta sani?" na tambaye ta.



"Ba ta sani ba. Kawu ya sani, ya ce shi ba zai sa baki tsakanin uwa da 'ya ba. In an gama zan gaya mata da kaina."

"To ni zan gaya mata yau."

"Auta, saurare ni." Muryarta ta sauka, irin wadda take yi wa tsofaffinta. "Kin san in Umma ta ce in bari, bari zan yi. Ban taɓa tsallake maganarta ba, ba kuma yanzu da furfura ta fara leƙo ni zan fara ba. Sunana ya riga ya shiga takardar zaɓe, ba ya ciruwa. Amma zan zauna a gida, in daina fita neman ƙuri'a, ranar ƙirga ma ba za a gan ni ba. Mutanen da suka bi ruwan sama tare da ni sai su san inda za su sa fuskarsu. Don haka abin yana hannunki."

Ta ba ni labarin abin da ya kai ta. An soke wata motar bas da ke bi ta unguwarsu da asuba, wadda masu aikin safe irinta ke hawa, da tsofaffin da ke zuwa asibiti. Ta yi ta zuwa taron majalisar gari tana magana har aka san fuskarta, har wata jam'iyya ta ce to ke ki tsaya mana. Ni duk wannan bai shiga kunnena ba. A kan bas mutum zai kai kansa mahalaka?

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "Kafin ki kira Umma, ki bi ni ki gani da idonki. In kin gani kin ce a'a, ki kira ta, ba zan riƙe ki a zuciya ba."

Ranar Asabar da la'asar na shiga ɗaki na rufe. Yaya ta kira ni ta bidiyo, ta sa wayar a aljihun ƙirjin kwat ɗinta, idon kyamarar yana leƙe. Haka na bi ta gida-gida. Titin a jiƙe yake, gidajen jan bulo a manne da juna kamar haƙora. Tana ƙwanƙwasawa, ta ja da baya, ta jira. Wata tsohuwa ta tsare ta da zancen kwandon shara da ba a kwashe ba. Wani ya buɗe ya ce ba ya zaɓe, dukkansu ɗaya ne, ya rufe ƙofa a hankali. Wata mata ta ce ita ɗayar jam'iyyar take yi tun zamanin ubanta, amma Allah ya ba da sa'a. Ni kuwa ba fuskokinsu nake kallo ba, hannuwansu nake kallo, da bayan kafaɗarsu, ko akwai wani a tsaye a cikin duhun zaure.

Na ga gida biyu bango ɗaya, kowace taga da fosta mai launi daban. Na ce a raina, waɗannan ba su san abin da suke wasa da shi ba.

Ruwa ya fara yayyafi. Daga ƙarshen layin sai ga wani dogon dattijo Bature yana tahowa da sauri, da wata ƙatuwar alamar kyalle a ƙirjinsa mai launin ɗayar jam'iyyar. Kai tsaye wajen Yaya ya nufo. A hannunsa akwai wani abu baƙi dogo, ina kallo ya ɗaga shi sama.

"Yaya ki gudu! Yana da gora! Ki gudu!"

Ban san da irin ƙarfin da na faɗa ba. Yaya ba ta sa abin kunne ba, muryata ta fito daga ƙirjinta ta cika layin. Takardun hannunta suka watse a ƙasa. Abin da ke hannun dattijon ya buɗe, fat. Lema ce.

Ya riƙe mata lemar a ka, ya duƙa yana taya ta tsince takardun, yana karkaɗe ruwan da ke jikin fuskarta ta takarda. Da ɗan Turancina na makaranta na ji yana tambaya lafiya, wa ke ihu. Ta ce ƙanwarta ce, daga Doha. Sai ya sunkuyo daidai aljihun, har na ga gashin hancinsa, ya ɗaga mini hannu ya ce barka da yamma, ya ce in gaya wa yayata ta daina wahalar da tsoho, gwiwoyinsa ba sa son wannan tseren. Shi ne kansilan da ke kan kujerar, wanda Yaya ke neman kayarwa.

Da ya wuce, Yaya ta shiga wata rumfar jiran mota ta ciro wayar. Dariya take har da hawaye. Da ta ga fuskata sai ta haɗiye.

"Kin gani ko? Mutumin kirki ne, bas ɗin ce kawai ba mu daidaita ba."

"A garinmu ma ai ana gaisawa kafin zaɓe," na ce. "Wanda ya fara watsa fetur a shagon Umma ya sha kunun ayarmu ya fi a ƙirga. Yaya, ba yanzu ake gane mutum ba, sai an faɗi sakamako."

Duk da haka ban kira Umma ba. Na ce zan ƙara kwana ɗaya. Haka na yi ta ƙarawa. Kullum in na idar da salla sai in ɗauki waya in buɗe lambar Umma, in kalle ta, in ajiye. Kuma addu'ar da nake yi ita ce Allah ya sa Yaya ta faɗi, domin a sanina wanda ya faɗi shi ke komawa gida lafiya, gidan wanda ya ci ake nema.

A can ranar Alhamis suke zaɓe. Ranar Laraba Anti ta ce in raka ta unguwar Al Asmakh, akwai wani tsohon kanti da take samun busasshen kifi da manja. Tana can tana ciniki da mai kantin, ni na ja kwando. Na ɗauki shinkafa, na ɗauki garin kwaki, sukari, kifin gwangwani, ashana, kyandir, batir. Hannuna ne ke yi, kamar yadda muka saba yi da Umma duk jajibirin zaɓe, kafin a rufe kasuwa a sa dokar hana fita. Anti ta kalli kwandon, ta kalle ni.

"Kyandir kuma? Tunda kika zo ƙasar nan kin taɓa ganin an ɗauke wuta?"

"A'a, Anti."

"Yalla, mu tafi, ɗora a gaban mai kantin," ta ce.

Da muka dawo na tara bokitai da robobi na cika. Na wanke jarkokin ruwan sha da suka ƙare na cika su. Na toshe bahon wanka na sake masa famfo har baki. Na sa duk wayoyin gidan a caji, na haɗa fasfo ɗina da takardar sakandarena a 'yar jaka na rataye a bayan ƙofa. Sai da na gama na ji numfashina ya daidaita.

Kawu ya dawo daga aiki a gajiye, ya shiga banɗaki, ya fito da tawul a wuya.

"Wa ya mayar mini da baho rijiya? An yi sanarwar ɗauke ruwa ne ban ji ba?"

"Ni ce, Kawu. Gobe zaɓe."

"Zaɓen ina?"

"Na su Yaya."

Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya har yana dafa bango. "Ikon Allah! Zaɓe a Ingila, dokar hana fita a Mesaimeer! 'Yata, ko 'yan daban nasu jirgi za su hau su zo su rufe mana famfo?"

Ni ma na ji yadda abin yake a kunne. Na so in yi dariyar, amma ban iya ba. Anti ta fito daga ɗaki da jariri a kafaɗa.

"Khalas, Baban Boy, ya isa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake." Ta juyo wajena. "Shekarata nawa a ƙasar nan, amma har yau in na ji an ce gobe zaɓe a gida sai na je na jijjiga tukunyar gas in ji ko da saura. Bar ruwanki, ba ya cin abinci."

Kawu ya daina dariya. Ya koma banɗakin, ya ɗebi ruwa a bokiti ya yi wanka da kofi kamar yana gida, bai taɓa toshiyar bahon ba.

Ranar Alhamis Yaya ta nuna mini ƙofar rumfar zaɓensu daga waje. Zauren wata coci ne. Babu soja, babu layi mai tsawo, an ɗaure wani kare a jikin ƙarfen ƙofa yana jiran mai shi. Mutane na shiga suna fitowa suna wucewa wurin aiki, kantin da ke kallon wurin a buɗe. Ta ce mini ba a dangwala yatsa, da fensir ake yin alama. Na ce fensir da ake gogewa? Ta ce haka suka gada. Wannan duk bai kwantar mini da hankali ba, don ranar jefa ƙuri'a a garinmu ma lafiya aka yi ta. Washegari za a ƙirga, a wani babban zauren wasanni, kuma dole 'yan takara su tsaya a wurin a faɗi sakamako a gabansu, su da magoya bayansu, a ɗaki ɗaya.

Duk Juma'a da safe Umma ke kira na. Ranar ma ba ta fasa ba, wayar ta yi ƙara. A lokacin Yaya ba ta bar gida ba tukuna. Kalma ɗaya daga bakin Umma ta isa ta cire kwat ɗinta ta zauna.

Muka gaisa. Ta tambayi jariri, ta tambayi ko ina cin abinci, ta ce an kawo mata sabon firji na hannu amma yana ƙugi kamar injin niƙa. Sannan ta ce:

"Wai me yayarki ke ciki ne? Kwana biyu in na kira sai ta ce tana hanya. Kullum hanya, kamar direban tirela. Ke kin san wani abu?"

Ban taɓa yi wa Umma ƙarya ba, ta san muryata fiye da yadda na san ta. Na kalli bango. Na tuna hannunta a kan bakina. Na kuma tuna Yaya tana tsaye a ƙofar tsohuwar nan mai kwandon shara, ruwa na ɗiga daga ɗankwalinta, tana sauraro kamar babu abin da ya fi shara muhimmanci a duniya. Tsorona nawa ne, na gaskiya ne kuma, amma a wani gari na samo shi.

"Na sani, Umma. Lafiyarta ƙalau. Amma ita za ta gaya miki da bakinta, yau da yamma."

"Ciki ne?"

"A'a, Umma."

"Mijin ne?"

"Ba shi ba ne. Ba abin tashin hankali ba ne." Da na faɗi wannan sai da na ce in sha Allahu a zuci.

"Ku dai 'ya'yan zamani. To Allah ya sa mu ji alheri."

Na ajiye wayar, na je na yi alwala ba don lokacin salla ya yi ba.

Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya haɗa wayarsa da talabijin ɗin falo. Mijin Yaya ne ke riƙe da waya a can. Ya ce an hana ɗaukar hoto kusa da teburan ƙirga, sai dai daga baya, don haka daga nesa muke hango dogayen tebura da mutane zaune suna jera takardu ɗaya bayan ɗaya, wasu a tsaye a kansu suna kallo, hannuwa a baya. A saman bangon akwai ragar ƙwallon kwando. Anti ta zuba shinkafa da miya, tawa ta huce a gabana.

An daɗe. Kawu ya yi gyangyaɗi ya farka. Can sai mijin Yaya ya ce, "Ga shi nan, an kira mazaɓarmu."

Suka hau wani ɗan dandamali, Yaya da dattijon nan da wasu mutum biyu, kafaɗa da kafaɗa. Wata mata mai tabarau ta fara karanta sunaye da adadin ƙuri'u. Ban iya bin lissafin ba. Sai dai na ji zauren ya ɗauki tafi, hoton ya yi ta tsalle don mijin Yaya ya manta yana riƙe da mu, Kawu ya miƙe yana kabbara, Anti ta rangaɗa guɗa har jariri ya firgita.

Yaya ta ci.

Ni ban tashi ba. Na ce, "Kawu, ka ce masa ya juya wayar. Ba Yaya nake son gani ba, mutanen dattijon nake son gani."

Ya juya. Suna gefe ɗaya da alamominsu a ƙirji, akwai samari a cikinsu, manya-manya. Na zuba musu ido. Ɗaya ya dafe kai da hannu biyu. Ɗaya ya ciro waya yana dannawa, na ce shi ke nan, kira yake yi. Ya kara a kunne, ya yi magana kaɗan, ya mayar aljihu, ya ɗauki ragowar biskit a kan tebur ya ci. Wata yarinya a cikinsu tana share hawaye, wani yana bubbuga bayanta. A kan dandamali dattijon ya miƙa wa Yaya hannu, ya karɓi abin magana. Fuskarsa ta yi ja, muryarsa na ɗan rawa, ka san abin ya yi masa ciwo. Ya gode wa masu ƙirga, ya ce ya yi wa unguwar aiki iyakar ƙarfinsa, yanzu kuma ga wadda za a riƙa kira in magudanar ruwa ta toshe. Aka yi dariya. Ya sauka a hankali yana dafa ƙarfe, aka kira mazaɓa ta gaba.

"Yanzu fa?" na ce.

"Yanzu gida," in ji mijin Yaya. "Yara na wurin maƙwabta."

Na ce kada su kashe. Na bi su har waje, har tashar bas, ina kallon kowace kwana. Ɗaya daga cikin samarin nan ma motar ya hau, ya zauna a gaba da kwalin takardunsu a cinya, ya sauka kafin su, bai ko waiwayo ba. Suka sauka a layinsu. Wani maƙwabci yana wanke mota ya ɗaga musu soso. Yaya ta sa makulli, ta shiga, ta rufe, ta zauna a kan matakala da takalmanta a ƙafa, ta karɓi wayar.

"Auta, na shigo."

A nan ne kukan ya zo mini. Anti ta zauna kusa da ni ta bar ni na yi.

Da yamma muka haɗa kira mu uku. Yaya ta yi ta kewaye-kewaye, ta fara da bas, ta bi ta majalisa, har Umma ta ce ta faɗi abin da za ta faɗa. Ta faɗa. Ina jin ƙugin sabon firjin a bayan Umma.

"Siyasa," ta ce. "Bayan abin da muka gani."

"Umma, ki yafe mini. In kin ce in ajiye, gobe zan rubuta musu in ajiye."

"Kina ina yanzu?"

"Ina gida."

"Yaran fa?"

"Ga su nan suna cin abinci."

"Layin naku lafiya? Ba a taru ba?"

"Babu kowa, Umma."

"Ba ke nake tambaya ba. Auta, ke kin gani?"

"Na gani, Umma. Tun daga zauren har ƙofar gida ban ɗauke ido ba. Wanda ya faɗin ma hannu ya ba ta a gaban jama'a."

"Ke da ko murfin tukunya ba kya so, kika zauna kika kalla?"

"Na kalla."

Ta ja dogon numfashi. Ta ce Yaya ta yi mata laifi, kuma za su yi maganar ɓoye-ɓoyen nan wata rana, ba yau ba. Ta ce ni ma ba ta manta da ni ba, munafukar yayarta. Sannan ta tambaya ko mutumin da aka kayar babba ne. Yaya ta ce ya haife ta.

"Yana da iyali?"

"Yana da mata, 'ya'yan sun watse."

"To ba zan ce ki ajiye ba, tunda mutane sun ba ki amana. Amma gobe ki yi girki ki kai masa har gida, ki gaishe shi, ki ce ya yi haƙuri. Ba a kayar da babba a wuce shi kamar ba a gan shi ba."

"Umma, nan ba a yin haka. Sai ya zaci wani abu ne."

"Ni ban tambaye ki yadda ake yi a nan ba."

Kawu da ke gefe yana sauraro ya rufe baki da hannu.

Yaya ta kai ranar Lahadi, dambun shinkafa da soyayyar kaza a cikin kula. Lokacin ina yi wa jariri wanka, ina sane da agogo, sau biyu sabulu ya suɓuce mini. Har yanzu ban warke ba, ko jiya da aka buga ƙofar mota da ƙarfi a waje sai da na miƙe tsaye. Amma na gama wankan, na shafa masa mai, na sa masa kaya, sannan na duba waya.

Ta ce da ya buɗe ƙofa ya gan ta da kula ya tsaya yana kallon kular, sai matarsa ce ta ce ta shigo. Yajin ya sa shi tari har da hawaye, amma bai ajiye cokali ba. Daga nan ya ɗauko taswirar unguwar ya shimfiɗa a kan teburin cin abinci, ya yi ta nuna mata layukan da ruwa ke kwanciya da damina, da wanda za ta kira a ofis in tana son a yi aiki da wuri, har shayinta ya huce. Matar kuma ta riƙe kular, ta ce ba za ta mayar da ita ba komai a ciki ba, sai ta gasa wani abu tukuna.